Kwakwar Lanuola da Addar da Ta Ɓace

Zuwa ga Fuatino, sanyin idanuna, iskar teku mai kaɗowa da yamma, ruwan ɗanyar kwakwa a maƙogwaron mai ƙishi, matata, kuma kakar jikana!

Kin ji daɗin kalmar? Kakar jikana! Tun ranar da kika kira ni daga Brisbane kika ce 'yarmu Lanuola ta sauka lafiya, an sami namiji, ƙafafuna ba su ƙara taka ƙasa ba. Na faɗa wa fasto, na faɗa wa mai kawo wasiƙu, har karen maƙwabta na faɗa wa. Wannan faffaɗan goshin da ke cikin hoton nawa ne, kada dangin ubansa su ruɗe ki.

Sai dai, ya ke mai saƙala fure a kunnen hagu don duniya ta san kina da miji, akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Ina addata?

Bayan tafiyarki sanyin hunturu na Yuli ya sauko wa garin nan namu na Toowoomba da mugunta. Na fito da safe na tarar da ciyawa fari fat, raɓa ta daskare tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Kafin mako ya zagayo, ganyayen kwakwarmu sun koma kamar an babbake su. Kin san wadda nake nufi. Kin tuna yammar da muka dasa ta? Kwakwar gaske ba ta rayuwa a nan, sai muka sayo ta ado mai kama da ta gida. Kina goye da Lanuola, kina rawar ɗari cikin rigata ta aikin mahauta, kika durƙusa kika binne cibiyarta a gindin, kika ce yanzu yarinyar nan tana da ƙasa. A wannan gindin za mu binne cibiyar ɗanta idan kin dawo. To, in bishiyar ta mutu, ina zan kai jikana?

Na nufi ɗakin ajiya don in yi abin da kowane ɗan tsibirinmu na Savai'i yake yi tun kafin karin kumallo: busasshen ganye, sara ɗaya, a wuce wurin. Babu adda! Na duba ƙarƙashin gado, na duba bayan mota, na zargi yaran unguwa a banza.

Washegari wa zan gani a lambuna, a kan tsani, yana naɗe bishiyar 'yata da buhun algarara? Merv! Merv na bayan shinge, wanda tun rasuwar matarsa waken gwangwani ne abincinsa. Ko kunya babu, ya ce wai ke kika roƙe shi. Wai matattun ganyayen nan bargo ne ga zuciyar bishiyar, ba a taɓa su sai ɗumi ya dawo. Wai kada in zuba taki, kada in yi komai, sabon kaka ya zuba hannu a aljihu ya je ya sha shayi. Ya tsiyaya wani shuɗin magani mai hana ruɓa a tsakiyarta, yana fito da baki kamar gidan ubansa. Da na raka shi bakin shinge na leƙa rumfarsa, sai ga addata a rataye, da jan ƙyallen da na naɗa wa ƙotarta da hannuna!

Haba, Fuatino, farin watana! Yaushe kika kai masa? Ina coci, ko ina barcin rana? Me kuka ce a kaina, kuma wa ya fara dariya? Dama abin da kwanukan gwaza da madarar kwakwa suke ƙullawa ke nan, da suke tsallake shinge kowace Lahadi? Kuma me ya sa tsohon nan ya fara taje gashinsa? Ni da na zauna a ajin yamma da furfurata don in iya rubuta sunanki ba tare da wani ya riƙe mini hannu ba, ni ne ba za a bar wa amanar bishiya ɗaya ba? Ƙirjina ya yi sanyin da ya fi na ciyawar nan, ga gefenki na gado babu kowa.

Na ce wa Merv ya nuna mini sau ɗaya, ya koma gidansa. Yanzu ni nake lulluɓe ta da magariba, ni nake yaye ta in rana ta fito, ni nake ba ta ruwa a gindi da hantsi. Ganyayen suna nan a rataye, munana, hannuna yana ƙaiƙayi, amma ban taɓa ko ɗaya ba.

Ya ce gwajin ɗaya ne: a ja tohon tsakiya a hankali, in ya zare da wari, ta tafi. Na yi ta ɗagawa don tsoro. Yau da safe na hau tsani, na kira sunan Allah, na kira naki, na ja. Ya ƙi zarewa, Fuatino! Ya riƙe gam kamar yadda kika ce yaron yana riƙe yatsa, kuma can ƙasansa akwai kore shar!

Ki dawo, inuwata, ki taho da cibiyar a ƙulle cikin farin ƙyalle. Tambayoyina suna nan suna jiran ki, ban janye ko ɗaya ba. Addar kuwa ta zauna inda kika kai ta, ba zan roƙi Merv ba, sai kin miƙo mini da hannunki. Amma ramin jikana ni zan haƙa, ko da farce ne. Merv ya tsaya bayan shingensa ya yi kallo, da tajajjen gashinsa.

Naki a cikin ɗumi, naki a cikin raɓa mai daskarewa, har ranar da za a kwantar da ni kusa da ke,

Ioelu