Kwalbar da Zan Tsayar

Zuwa ga 'yata Solange,

Bana shekara arba'in ke nan cif da babban sanyin nan da ya kashe mana rabin inabin gandu, kuma ina aiko miki da wannan takarda ne a tsakiyar Agusta, inabi ya fara juya launi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa ta same ki lafiya, ke da maigidanki Réjean da jikokina, ya tsare ku daga sanyin Kanada, wanda aka ce mini ya fi namu na waccan shekara, ko da yake ban yarda ba. Ni lafiyata ƙalau in ban da gwiwar hagu. Gwaggonki Berthe ta zame a ƙofar coci, ba ta karye ba, bakinta ma ƙaruwa ya yi. Rubutun da kike gani na maƙwabciyata Odile ne, tunda kin san ni da alƙalami ba mu taɓa shiri ba. Na ja mata kunne kada ta gyara mini magana.

Kin san labarin kwalaben da ke ɗakin ƙasa, amma zan maimaita don yaranki su ji. Mun yi aure da mahaifiyarki Léonie bayan an gama tsinkar inabi, wata huɗu kafin sanyin. Da aka ɗura giyar shekarar a kwalba, tsohon maigidan gandu ya kira ni ya ba ni guda ɗaya da hannunsa, ya ce ta amarya ce. Shekarar da aka haife ki kuwa inabi bai yi yawa ba, amma ɗan da aka samu ban sake ganin irinsa ba, shi ne ya ba ni shida da sunanki. Ni na kula da gangunan giyar nan tun tana jaririya. Ni na riƙa cika su duk mako, ni na fasa ƙwai na kaɗa farinsa na zuba don ta washe, ni na tace ta daga ganga zuwa ganga ina duban ta a gaban kyandir. Saboda haka nake ganin babu wanda ya isa ya gaya mini ranar shan ta.

Mahaifiyarki ta sha roƙo a buɗe tata. Da muka cika shekara ashirin da biyar ta yi magana, na ce ba ta nuna ba tukuna. Ranar aurenki ta sake yi, na ce a cikin hayaniya wa zai san abin da ya sha. Har tsokana ta take yi wai na auri kwalba na ajiye mace a madafa. Ranar da muka dawo daga binne ta kuma, ke kika ce a buɗe a sha da sunanta, na ba ki amsar da na saba. Kika ce wai ni ko matattu sai na sa su jira. Kika kama hanya, yau shekara uku ban ga fuskarki ba, sai katin Kirsimeti mai layi biyu.

To, ranar Litinin da ta wuce na sauka da kyandir ina duba su kamar yadda nake yi duk wata. Sai na ga matoshin ta Léonie ya jiƙe, giyar ta sauka har ƙasan kafaɗar kwalba. Na tafi wurin Anselme, tsohon mai haɗa ganguna, abokin faɗana. Ya duba ya ce wai tsohon banza, ai wannan ba aikin tsofaffi biyu masu rawar hannu ba ne, a kira Maïté. Ba ki san ta ba, ita ce ke shugabancin ɗakin giyar gandu yanzu, 'yar boko ce da ta yi karatun abin a birni. Tun da ta sa aka daina tacewa da kyandir aka koma na'ura ban ƙara amsa gaisuwarta ba. Na ce da Anselme gara kwalbar ta tsiyaye a ƙasa. Ya ce ai ta riga ta fara. Washegari ni da ƙafata na je na kira ta.

Yarinyar ta zo da rana, ba ta tada tsohon zance ba, sai cewa ta yi Kaka, ina marar lafiyar. Ta zare matoshin a hankali, amma duk da haka ya marmashe kamar tsohon burodi. Na zuba mana mu uku. Solange, launinta ya koma na ruwan shayi. Na kai hanci, ba komai sai tsami da warin jiƙaƙƙen kwali. Ta mutu, kuma ba bana ta mutu ba. Na tambayi Maïté yaushe take ganin ta kai ganiyarta, na ce ta faɗi gaskiya, ni ba yaro ba ne. Ta ce da irin wannan matoshi, wataƙila shekara goma sha biyar da suka wuce. Na ƙirga a yatsa, ya faɗa daidai lokacin da mahaifiyarki ta fara roƙo. Anselme ya ture kofinsa gefe. Ni kuwa na shanye nawa har ƙasa, tunda ni na jawo. Ragowar na kai maƙabarta na zuba a gindin furen da kika dasa mata, na gaya mata abin da ya kamata in gaya mata tana da rai.

Da na dawo na tarar Maïté ta duba naki guda shida. Ta ce da sauƙi, amma matosansu sun tsufa, a yi musu yadda ake yi wa tsofaffin kwalaben gandu: a buɗe ɗaya a cika sauran biyar da ita, a sa musu sabon matoshi. Na yarda a buɗe ɗayar. Na tsiyaye ta da kaina a gaban kyandir har lakar giyar da ta kwanta a gindi ta zo wuyan kwalba na tsaya, yarinyar tana kallo, ta ce wai hannun nan bai manta ba. Na ce ai na'urarta ce ba ta taɓa sani ba balle ta manta.

Ban san yadda Odile za ta rubuta wannan ba. Tsakiyar kofin jawur har da duhu, bakinsa kuma ya fara ɗaukar launin jan bulo. Da farko giyar ta rufe bakinta kamar baƙuwa. Muka ba ta minti goma sha biyar, sai ta buɗe: ƙamshin dajin bayan gida in an yi ruwan kaka, da na akwatin tabar kakanki, da na baƙaƙen 'ya'yan itacen da mahaifiyarki ke dafawa da sukari. A baki kuwa duk kaushin da na san ta da shi tana ganga ya kwanta, ta yi laushi, kuma bayan na haɗiye ta daɗe ba ta tafi ba. Anselme ya ce wai shekara talatin da biyar yana zagina a banza, ashe akwai abu ɗaya da na iya.

Maïté ta ce in aka canza matoshi, biyar ɗin za su ƙara shekara goma, ko fiye. Har ta fito da kayan aikinta. Na ce ta mayar. Ta ce Kaka, asara ce fa, irin wannan ba a samun ta kuma. Na ce na san giyar za ta iya jira, ni ne ban da tabbacin shekara goma, kuma na gaji da ajiya. Muka yi ta ja, ta kira ni mai taurin kai, na ce ba ita ta fara ba. Ƙarshe muka gasa nama a kan busassun rassan inabi muka shanye kwalbar mu uku, da kofi ɗaya da na kai wa Berthe.

Ke ce da gaskiya ranar da muka binne mahaifiyarki. Odile ta ɗago kai wai in sake faɗa ta ji da kyau, na ce ta rubuta sau ɗaya, ya isa. Abin da nake roƙo shi ne ki zo tsinkar inabin bana, ƙarshen Satumba, ke da Réjean da yaran. Ɗakinki yana nan, sai dai in kwashe albasar da na shanya a ciki.

Ki gaishe mini da Réjean, ki ce masa na daina jin haushin ruwan da ya zuba a giyata. Ki gaishe da jikata Noémie da ƙanenta Gaétan, da surukarki. Berthe da Anselme da Odile duk suna gaishe ki.

Kin san dokar tsohon maigida, wadda ban taɓa karyawa ba: kwalbar da za a sha ana tsayar da ita tun da wuri don laka ta kwanta, kuma wadda aka tsayar ba a sake kwantar da ita. In ta daɗe a tsaye matoshi ya bushe, ta lalace. Gobe da safe, kafin in kai takardar nan gidan waya, zan sauka ɗakin ƙasa in tsayar da ɗaya daga cikin naki.

Ni ne mahaifinki,
Firmin