Layar Inna a Cikin Injin

Akébé, Libreville
Maris 1976

Zuwa ga 'yata Baraka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Yaya jikin Innarki?

Ubanki ya sake yin halin nasa. Kin tuna layar da Inna ta aiko in sa a sabuwar taksi? Masu hankali a madubi suke rataye irinta. Ni da na yi aji uku na ce ai ba madubi ke jan mota ba, na buɗe gaba na ɗaure ta kusa da fanka. Ranar Talata a hanyar Owendo, ina ɗauke da Turawan fetur biyu, injin ya tafasa kamar tukunyar wake. Suka sauka cikin ruwan sama, ko sannu ba su ce mini ba.

Aka ja motar zuwa kamfanin Faransawan da suka sayar mini da ita. Na shiga da takardar garanti ina washe baki. Baturen garaji ya fito riƙe da layar da yatsa biyu kamar mataccen ɓera, ya ce, "Wannan ba mu muka ƙera ta ba." Wai ita ta tsinke fambel, wato bel ɗin fanka, saboda haka babu garanti. Za su canza famfon ruwa da kan injin, ni zan biya. Ga kwafin takardar garantin, ki duba mini, Faransancina na cikin taksi ne.

Kuɗin aikin tiyatar Inna da na tara, da su zan fanshi motar. Garin nan ko'ina gini ake, fasinja har faɗa suke, cikin wata ɗaya zan mayar da su. Kada ki gaya mata layarta ce.

Ubanki,
Mailafiya

Maradi
Afrilu 1976

Baba,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Na karanta takardar. Famfon ruwa yana cikin abin da suka ce za su gyara kyauta. Sun nuna maka fambel ɗin da ya tsinke? Ka gan shi da idonka? Ka ce su ba ka tsofaffin kayan kafin ka biya.

Likita ya ce ƙarin da ke cikin Inna ba zai jira damina ba. Ko kunu ba ya zama. Kullum sai ta tambaya ko layar tana aiki, in ce mata tana yi. Don Allah Baba, ka bar motar a can, ka aiko da kuɗin.

Ka huta lafiya.
Baraka

Akébé
Mayu 1976

Baraka 'yar boko,

Ina gaishe ku. Wasiƙarki ta tarar na riga na biya. Na nemi tsofaffin kaya, aka ce an zubar. Na ce to a nuna mini jujin. Baturen ya yi dariya, ni ma na taya shi, sabo. Layar kaɗai suka maido mini a ambulan, ko ƙuna ba ta yi ba.

Sati ɗaya na yi aiki, motar ta sake tafasa. Yanzu wai radiyata ce, tankin da ke sanyaya ruwan injin. Na ce wancan gyaran fa? Aka ce shi ma dole ne. A wajensu komai dole ne, ban da ni.

Ki ce wa Inna ta ƙara haƙuri kaɗan, mijinta na nan yana ciyar da Faransa.

Naku,
Baba

Maradi
Yuni 1976

Baba,

Salama. Allah ya yi wa Inna rasuwa ranar Alhamis da hantsi, an kai ta bayan azahar. Ba a yi aikin ba.

Ba ta yi maganar kuɗi ba. Ta ce in gaya maka ta yafe maka, kuma kada ka cire layar, ta ji hanyoyin can akwai santsi.

Allah ya ba mu haƙuri.
Baraka

Akébé
Yuli 1976

Baraka,

Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Jiya a tasha na haɗu da Hamadou da Bouba, direbobin da muka sayi mota iri ɗaya. Tasu ma ta tafasa. Famfon ruwan ne, da ciwonsa ya zo daga inda aka ƙera shi. An canza musu kyauta. Su ba su sa laya ba.

Na koma kamfanin. Wannan karon ban yi dariya ba, sai aka sa mai gadi ya raka ni bakin titi.

Tun Maris nake jin haushin uwarki a raina, a kan abin da ba ta yi ba. Kuɗin radiyata zan gama biya kafin azumi. Nata ban san inda ake biya ba.

Layar tana madubi yanzu. In kin iya, ki ba ni amsa.

Ubanki