Amanar Mudirin Awaki

Zuwa ga Malam, wanda duk gari ke kira Mudirin Awaki, wato daraktan awaki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da roƙon Allah Ya haskaka makwancinka, ga kacici-kacici, tunda kai ne mai cika bakin ba a taɓa kayar da kai ba. Wace gona ce aka shekara talatin ana share ta ba a jefa mata ko ƙwaya ɗaya ba, sai da mai ita ya kwanta dama sannan ta ciyar da mutum? Yi ta tunani. Lokaci kam yanzu kana da shi.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma miƙo mini za ka yi, ka ce idonka na ciwo, kamar ban san boko ne ya fi ƙarfinka ba. Ni da na tsaya aji uku ni ce malamar gidanka.

Ina nan unguwar Aljirif a Hartum wurin ɗanka Sale, muna shaƙar hayaƙin masu gasa bulo. Yana zuwa kabarinka duk Juma'a. Matarsa har yau kisirarta, gurasar nan ta dawa, kamar tafin takalmi, amma tana da zuciya. Jikokinka in na yi musu Hausa su amsa da Larabci, haboba kaza, haboba kaza, wai kaka ke nan, sai in na ɗauko alewa ne kunnensu ke buɗewa.

Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Maganar filinka ce.

Ka tuna yadda kake fita duk Talata da sassafe, tsintsiya a kafaɗa, usur a wuya, kana korar awakin mutane daga filin jirgi? Kana shafa wa duwatsun gefe farar ƙasa kamar za a kai su ɗakin miji. Da takardar nan ta cikin gilashi a ɗan ɗakin kwano, wadda gwamnati ta buga wa hatimi, wai jirgi zai sauka garinmu duk Talata ko fasinja ɗaya ne, saboda in damina ta sauka lakar ƙasarmu kan haɗiye hanya wata huɗu. Da bakin rawaninka kake goge gilashin nan. Ni ba ka taɓa goge mini fuska haka ba.

Jirgin ne ya kawo mu asibitin Soba a nan Hartum da ciwonka, da tikitin zuwa da dawowa. Muna can aka ce an dakatar da shi. Kai kuwa ka riƙe mini wuyan hannu, numfashi na ƙarewa, ba ka yi mini maganar gida ba, ba ka yi ta yara ba. Ka ce in tabbata ana share filin har jirgi ya dawo. Na ce to. Me ake ce wa mai mutuwa?

Na riƙe amanar, Malam. Ƙaninka Isa ya gaji tsintsiyar, ni na gaji zarya zuwa ofishin masu jirgin a Hartum. Da ka ga mutanen da ka yi wa bauta! Wani ɗan saurayi mai tumbi, kujerarsa na juyawa kamar dutsen niƙa amma ba gari, ya tambaye ni sunan garinmu sau uku, sannan ya tashi yana nemansa a taswira ta wajen teku. Kamfani ya ce ba riba. Gwamnati ta ce maganar na gaban kwamiti. Ban taɓa ganin kwamiti da idona ba, amma na gane wata dabba ce mai shan shayi da yawa, ba ta haihuwa. Kullum maganarsu ɗaya, bukura, gobe. Ba a soke ba, Hajiya, an dai dakatar. Ai kai ma ba a soke ka ba, dakatar da kai aka yi.

Yanzu ga abin da na kasa faɗa ko a addu'a.

Bara, gab da damina, autarmu Zainabu na da tsohon ciki a can gida. Ungozoma ta ce biyu ne, kuma kwanciyarsu ba daidai ba, a kawo ta Hartum tun da wuri. Mijinta Haruna har ya kama mata wuri a gaban lori ta ƙarshe. A makon ne na samu ganin babban mudirin ofishin da kansa. Ya dafa ƙirji ya rantse mini mako biyu jirgi zai dawo, takarda na kan teburinsa, sa hannu kawai ya rage. Ni kuma, tsohuwar banza, na buga waya na ce kada a jijjiga mini 'ya kwana uku a lori, ta jira jirgin ubanta.

Ta jira. Isa ya sake wa duwatsu fari. Duk Talata sai su fito da jaka su zauna gindin aduwa suna kallon sama. Abin da ya zo daga sama ruwa ne. Talata ta uku naƙuda ta tashi, hanya ta riga ta zama kunu. A bayan tarakta aka ɗauke ta, kwana biyu a cikin laka kafin su kai inda akwai likita. Hassana ta rayu. Usaina tana wajenku, in ka ga wata 'yar mitsitsiya mai hancinka, taka ce. Zainabu ta tashi, kuma ba ta taɓa ce mini komai ba. Da ma ta zage ni.

Na koma wurin mudir. Ya ce ƙaddara ce, ya sa a kawo mini shayi. Sannan ya buɗe wani fayil ya ce ai rahoto ya nuna filinmu ya cika da ciyawa, bai dace da sauka ba. Filinka, Malam! Filin da ko allura ta faɗi sai a tsinta. Mutumin da takalminsa bai taɓa sanin laka ba ne yake faɗa mini haka, yana duba agogo. Na bar masa shayinsa. Allah Ya ba shi lafiyar jira.

Ni na laƙaba maka Mudirin Awaki, kuma na sha yi maka dariya. Abin da ban faɗa maka ba, duk Talata ina laɓe bayan danga. In ka ɗaga farin ƙyallen nan jirgi ya sunkuyo, sai in ji kamar kai ka kira shi ya amsa. Ban taɓa yarda da takardar gilashi ba. Da kai na yarda. Su mutanen ofis kuwa sun san da irinka, shi ya sa hatimi ya ishe su.

To, bana na ci amanarka, kuma da hankalina na ci. Na haye gada na je kasuwar Umdurman na auno irin kuɓewa, na kai tashar Suk al-Shabi na damƙa wa direban lorin garinmu da saƙo zuwa ga Isa: a sa garma. Isa ya ce ba zai taɓa amanar mamaci ba. Na aika masa cewa ni aka ba, ni zan amsa. Da ya tsaya jan ƙafa, matan gari suka fito da fartanya, Zainabu a gaba da Hassana goye a bayanta. Fararen duwatsunka yanzu su ne iyakar kowace mace da maƙwabciyarta.

Kana fushi? Yi. Amma muddin filin nan na sheƙi, sai wata ta sake zama gindin aduwa da jaka. Yanzu duk mai ciki ta san lori ce uwarta, ta hau tun sama na fari.

Takardarka kuma, an bar ƙofar ɗakin kwano a buɗe, gilashin ya faɗo, akuyar Isa ta cinye ta har hatimin. Shekara talatin kana korarsu, sun rama. An ce ta kwana lafiya, ko kumburi ba ta yi ba. Da ma ba komai a ciki.

In ruwa ya ɗauke zan tafi gida a bayan lori, in ga jikata. Rabin tikitinka na nan cikin akwatina tare da nawa, ban mayar musu ba, ba zan kuma sake taka matakalarsu ba. Ka yafe mini, ni na yafe maka taurin kai. Sauran mu ƙarasa in na iso.

Sai mun haɗu,
Tsohuwarka mai baki, Hajara.

Af, na san ba ka canka ba. Filin jirginka ne. Kuɓewa ce a ciki, ta kai gwiwa, jiya aka yi tsinkar fari.