Ƙuri'ar Mama ta Detroit

Montegiardino, San Marino
18 ga Agusta, 1964

Zuwa ga Kawu Settimio,

Ka yi mini afuwa, na ɗauki alƙalami zuwa gare ka alhali ba ka taɓa ganina ba. Ni ce Ombretta, 'yar ƙanwarka Iolanda, ina aji uku a sakandare. Ina gaishe ka da girmamawa. Yaya jikinka, yaya aikin masana'anta? A gaida Inna Doreen.

Ka san ran 13 ga Satumba za a zaɓi majalisa, kuma a karon farko mata za su jefa ƙuri'a. Shekara da shekaru Mama na bin gida-gida tana tara sa hannun mata kan wannan magana. Amma ita ba za ta jefa ba. Doka ta ce ranar da ta auri Baba ta daina zama 'yar ƙasar San Marino, domin shi ɗan Italiya ne, mutumin Sassofeltrio, garin da muke jin ƙararrawar cocinsa daga kicin.

An ce ku da ke Amurka ta gidan waya za a aiko muku da takardar zaɓe. Shekararka ashirin rabonka da gida. Don Allah, Kawu, ka ara wa Mama ƙuri'arka sau ɗaya. Na rubuta jam'iyyar da take so a bayan wannan takarda. Ita ba za ta roƙe ka ba, tun da ka ƙi zuwa bikinta, amma da na ce zan rubuto ba ta hana ni ba.

'Yarka mai biyayya,
Ombretta

Montegiardino
4 ga Oktoba, 1964

Zuwa ga Kawu Settimio,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Mu muna nan, an fara tsinkar inabi. Wasiƙarka ta iso jiya, na gode da hoton motar.

Bari in ba ka labarin ranar. Mama ta goge rigunan mata huɗu maƙwabtanmu, ta raka su har ƙofar rumfar zaɓe, ta tsaya a waje riƙe da jakunkunansu. Gaspare mai tsaron ƙofa, wanda suka yi firamare tare, ya ce, "Iolanda, baƙi can gefe, kada ki tare wa 'yan ƙasa hanya." Mutane suka yi dariya. Mama ta ce, "Kai mai kunnen jaki, ƙuri'ata ta riga taka shiga. Daga Detroit ta zo, a jirgin sama." Ranar har waƙa ta yi tana gasa mana gurasar piada.

Yanzu ka rubuto cewa ba ka zaɓi jam'iyyar Mama ba, ka bi abin da shugaban ƙungiyarku ta can ya ce, wai ba a wasa da siyasa don faranta wa mata. Wannan kam na iya haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini shi ne layin ƙarshe, wanda ka sa don in yi dariya: wai Inna Doreen ma an aiko mata tata takardar, tunda aurenka ya mai da ita 'yar ƙasa, kuma ta zaɓi jam'iyyar da alamarta ta fi yi mata kyau a ido. Ba ta taɓa taka ƙasar nan ba, Kawu. Na karanta sau uku, ban yi dariya ba.

Mama ta ga tambarin Amurka a ambulan. Tana wanke kwanoni, ba ta juyo ba, ta ce, "Ya jefa mini?" Na ce ya jefa. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai jiya. Ta ce, "Ashe dai jini jini ne," ta sa ni in nemo mata adireshinka, za ta rubuto ta gode maka.

Wasiƙarta na nan tafe. Ban san me za ka amsa mata ba, kuma ba ni da girman da zan gaya maka. Ina neman izini kawai: ka yarda in sake rubuto maka kafin ka ba ta amsa.

'Yar ƙanwarka,
Ombretta