Hoton Babana Na Sa a Takardar Neman Tallafi

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Wata biyu ke nan mahaifina bai kira sunana ba, kuma ni na ja wa kaina.

Babana mai injin niƙa ne. Sama da shekara talatin yana shagonsa na bakin kwalbati da tsohon injinsa mai shan dizal. Da shi ya ciyar da mu, da shi na yi karatu har na zama malamar kimiyya. Da tarinsa na kowace safiya na girma.

Bara ƙungiyar unguwarmu ta ji labarin wata gidauniya mai ba da tallafi ga ayyukan rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ni ce sakatariya, sai aka ɗora mini rubutun. Muka nemi injin niƙa mai aiki da hasken rana. A fom ɗin sun ce a haɗa da hoton da ke nuna matsalar. Anti, ban je nesa ba. Na kai wa Baba abincin rana, na tarar yana tayar da inji, hayaƙi ya turnuƙe shagon, singiletinsa a yage, fuska duk gari da baƙin mai. Na ɗaga waya na ɗauka, bai ma sani ba. A raina na ce wa zai gani? Wasu ne can a ofis za su duba su jefa a durowa.

Muka samu tallafin. Ranar buɗe sabon injin ni da bakina na roƙi Baba ya zo. Ya sa rigarsa mafi kyau, na zaunar da shi a layin gaba. Ashe mutanen gidauniyar sun buga hoton nan a ƙaton ƙyalle, ya fi ƙofar gida tsawo, sun rubuta a ƙasa cewa irin wannan ake son kawarwa. Baba ba ya karatun boko, amma telan da ke gefensa, wanda bakinsa ba ya riƙe magana, ya karanta masa tas. Jama'a sai su kalli ƙyallen su waiwayo su kalle shi. Ya zauna har aka tashi, har tafi ya yi. A hanyar gida abu ɗaya ya ce mini, wai da na gaya masa ai da ya canza riga. Daga nan ya yi shiru da ni. In na gaishe shi ya amsa, shi ke nan.

Sabon injin ba ƙara, ba warin mai a gari, don haka mata duk sun koma can. Har gwaggona, ƙanwar Baba uwa ɗaya uba ɗaya, ta bayan layi take zagayawa ta kai nata. Shi kuwa kullum sai ya buɗe shago, ya goge injin, ya tayar, ya kashe. Mama ce ke aika masa masara ko da muna da gari a gida, don dai ya sami abin zubawa.

Yanzu gidauniyar ta ce kafin ta saki kashi na biyu, wato famfon sola na rijiyar unguwa, sai mun tura rahoto da hoton shagon Baba a rufe. Shugaban ƙungiya ya hana ni sakat. In na ƙi, unguwa ta rasa ruwa saboda ni. In na yi, na ƙarasa Baba. Ba na iya cin abinci, na tsani aikin, na tsani kaina. Ina tunanin ajiye muƙamin in nemi canjin makaranta in bar garin. Ya zan yi?

'Yar Mai Injin Niƙa

'Yata, share hawayenki mu raba abin gida biyu. Aikin da kuka kawo mai kyau ne, kuma ƙirjin mahaifinki na cikin waɗanda hayaƙin nan ya fi cutarwa. Laifinki shi ne hoton: kin ɗauki mutuncinsa ba da izininsa ba, kin miƙa wa baƙi. Kada ki cakuɗa biyun, kuma kada ki gudu. Barin gari zai bar shi da kunyar shi kaɗai.

Gobe ki sa a sauke ƙyallen, ki rubuta wa gidauniyar cewa an ɗauki hoton ba da yardar mai shi ba, su daina amfani da shi. Batun hoton rufe shago kuwa, ki gaya musu kai tsaye ba za ki yi ba. Abin da suke nema shaida ce cewa hayaƙi ya ragu, sai ki ba su yawan matan da suka koma sabon inji. Mai yiwuwa su karɓa, mai yiwuwa famfon ya yi jinkiri. Shugabanku zai yi fushi, ki daure.

Sannan ki sami mahaifinki a shagon, ba a gida ba. Ki durƙusa ki faɗi abin da kika yi ƙarara, ban da lacca kan ɗumamar yanayi. Ba zan ruɗe ki ba: masu kawo niƙan nan ba za su dawo ba, shi ma ya sani. Amma sabon inji ma yana da farantin niƙa da bel, kuma ba wanda ya san kukansu kamarsa a unguwarku. Bayan ya huce, dattawan ƙungiya su je su roƙe shi ya kula musu da shi. Roƙo na ce, ba taimako ba. In ya ƙi, ki ƙyale shi, ki ci gaba da kai masa abincin rana.

In har wata rana ya yarda a sake ɗaukarsa hoto, ki gaya masa tun ana gobe, ki goge masa rigar da hannunki. Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya sa ki sake jin sunanki a bakinsa.