Da Bakina, Ba Tafinta

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau na yi ƙarya a gaban likita, kuma ɗana ne ya ɗauki ƙaryar a bakinsa ya fassara ta. Aka tambaye ni abin da ke damuna, na ce ciwon kai. Ba kaina ba ne. Ƙullutu ne a gefen ƙirjina na hagu. Ta yaya uwa za ta faɗi wannan ta bakin ɗanta namiji? Aka ba ni ƙwayoyi, muka dawo, yana ta murnar abin ya zo da sauƙi.

Astagfirullah. Jiki amana ne. Na yi alkawari tsakanina da Ubangijina: zan koma in faɗa da bakina, da harshen garin nan, ba tafinta, ba ragi.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Makarantar koyon harshe, hawa na biyu, bisa shagon gyaran waya. Na daɗe ina zuwa, amma bebiya ce ni a ajin. Rubutuna ya fi na kowa tsabta. Baki ne ba na buɗewa sai na tabbata babu kuskure, kafin nan kuwa an wuce wurin. Na sha kiran wannan kunya. Ko girman kai ne ya yafa mayafi?

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Malama, yarinyar da ba ta kai ɗana ba, tana da farar riga rataye a ƙusa. Wanda ya sa ta shi ne likita, abokin zamansa majinyaci, kuma ba a duba takarda. Wani ɗan ajinmu, Direban Tasi, ya sa, hannun rigar ya tsaya masa a gwiwar hannu, aji ya ɗauki dariya. Da aka zo kaina na ce ba na wasan kwaikwayo.

Mai Kitso, wadda ke zama kusa da ni, tana zuba harshen kamar ruwan famfo, rabinsa a karkace, ko a jikinta. Ta ce, "Yaya, kin tara kalmomi kamar kwanukan ado, ba kya cin abinci a ciki." Na ji zafi. Gaskiya ce ta sa.

Talata, 25 ga Fabrairu

Ƙullutun yana nan. Na taɓa shi bayan alwala.

Talata, 4 ga Maris

Na zauna a kujerar majinyaci. Mai Kitso ta sa rigar, ta ɗaga hanci, ta tambaye ni ko yawan tsuke fuska ne ya kawo ni asibiti. Na yi niyyar cewa ciwon kai. Sai na ji nauyin sake ƙaryar, ko da a wasa. Na sassauta murya na faɗi ainihin abin, kalma bayan kalma, kamar mai taka ƙaya.

Ta daina dariya. Ta jira sai da aka tashi. A matakala ta sa na maimaita, ta nuna mini inda zan ɗora hannu in kalma ta ɓace. Daga nan ta ja ni wurin Malama, muka koyi yadda ake neman likita mace. Malama ba ta tambayi dalili ba. Allah ya saka mata.

Laraba, 12 ga Maris

Alhamdu lillahi, Alhamdu lillahi.

A asibiti, a ƙofar ɗakin likita, ɗana ya miƙe zai bi ni, na ce ya zauna. Ya ce, "Umma, to wa zai fassara miki?" Na ce, "Lokacin da ba ka iya magana ba, wa ya fassara kukanka? Zauna."

Na shiga ni kaɗai. Jimlar da na shirya ta watse tun a gaisuwa. Na yi kuskure iri-iri, na ji su suna fita ɗaya bayan ɗaya, ban tsaya tsince su ba. Likitar ta ajiye alƙalami ta dube ni, ta gane. Ta tambayi tun yaushe, na gane, na amsa. Ta yi mini faɗan jinkiri, shi ma na gane shi sarai. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na yau ba.

An ɗauki hoto, an ɗebi abin gwaji.

Litinin, 24 ga Maris

Sakamako ya fito: ƙullutun ba mugun ba ne, ba ciwon daji ba ne. Za a cire shi, aikin yini guda. Na yi sujadar godiya. Ni na yi wa ɗana bayani da kaina, ya sunkuyar da kai, ya ce in yafe masa. Me ya yi?

Mai Kitso ta rungume ni a tsakiyar aji, gaban maza. Ban ture ta ba. Malama ta ce yau sai da ta roƙe ni in bar wasu su yi magana; ina ganin ta ƙara gishiri. Na rubuta sunana a aji na gaba, don kada abin da na koya ya zube, ba don hira ba.

Ko akwai alfahari a farin cikin nan? Akwai. Zan nemi gafararsa.

Alkawarin dai na cika shi.