Ciyawar da Na Yar

Daren Laraba, Japan

Wash, gwiwoyina! Yau bayan darasin noman shinkafa aka kai mu koyon jera furanni a kasko, muna durƙushe tun azahar har la'asar.

Tsohuwar da ke koyarwa ta ba ni fure biyu da wata ciyawa kamar kyasuwa. Hannun da ya saba da gonarmu ta Fassi bai yi shawara da ni ba, ya fizge ciyawar ya yar. Ta tsince ta da hannu biyu. Mai yi mana tafinta ya ce, "Wai ita ce uwar adon." Kunya kamar in nutse.

Na kira Baba na ba shi labari. Ya ce, "Hadiza, ciyawar da ta cinye mini ƙarfi kika je har can kina durƙusa mata?"